Ina kuɗin asibitin unguwarmu yake shiga?

Wani bawan Allah, sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarsu a ɓangaren Ungogo, ya aiko da tambaya kamar haka: "Kullum a rediyo muna jin an saki biliyoyin naira domin asibitocin sha-ka-tafi. Amma a namu, mace ta je awo sai a rubuta mata magani ta tafi kyamis, ana kiran magariba kuma a ja ƙofa. Shin da gaske akwai kuɗin nan? Idan akwai, ta wace hanya unguwa irin tamu za ta samu rabonta?"

Malam sakatare, kuɗin akwai shi. Na yi shekaru ina incaji, wato shugaban asibiti, a ƙananan asibitoci nan cikin Kano kafin na koma sashen lafiya na ƙaramar hukuma, kuma takardun wannan kuɗi sun bi ta hannuna ba sau ɗaya ba. Sai dai biliyoyin da kake ji a rediyo na ƙasa ne baki ɗaya. Kafin su iso ƙofar asibitinku sun koma dubbai, kuma akwai yiwuwar asibitin naku ba ya ma cikin waɗanda ake tura wa. Ka yi haƙuri da ni, amsar tana da ɗan tsawo.

Sunan kuɗin shi ne Asusun Samar da Kiwon Lafiya a Matakin Farko, ma'aikata kuma BHCPF suke ce masa. Ba alherin wani shugaba ba ne, doka ce ta kafa shi: sashe na 11 na Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014. Dokar ta ce duk shekara gwamnatin tarayya ta ware abin da bai gaza kashi 1 cikin 100 na kuɗin da ke shiga babban asusunta ba, a haɗa da gudummawar masu ba da tallafi daga waje. Shekara huɗu dokar ta yi a kwance. Sai a kasafin 2018, zamanin Shugaba Buhari, aka fara sa masa naira biliyan 55.1, aka soma rabawa a 2019. To ka ga abin bai daɗe ba.

Mu da muka daɗe a aikin nan mun san abin da ya sa aka yi shi. Tun taron Alma-Ata na 1978 duniya ta yarda cewa lafiyar talaka a ƙaramin asibiti take, ba a asibitin koyarwa ba. Marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, da yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya ɗauki wannan magana da gaske, ya fara da ƙananan hukumomi 52 a matsayin abin koyi. Amma aka ɗora nauyin ƙananan asibitoci a kan ƙananan hukumomi, wato matakin gwamnatin da ya fi kowane rauni a aljihu. Ana biyan albashi, in an biya, shi ke nan. Kuɗin sabulu, kuɗin ƙwan fitila, kuɗin man babur da za a ɗauko allurar rigakafi, babu wanda ya san daga inda za su fito. Na sha sayen safar hannu da kuɗin cefanen gidana, kuma ba ni kaɗai ba. Wannan giɓin aka yi nufin cikewa.

Dokar ta raba kuɗin tun daga sama. Rabi domin a saya wa talaka inshorar lafiya. Kashi 45 ta hannun hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa, wato NPHCDA: 20 na magani da rigakafi da kayan aiki, 15 na gyaran gini da na'urori da sufuri, 10 na ma'aikata. Kashi 5 na agajin gaggawa. Daga baya an ɗan gutsuri wani abu daga ɓangaren inshora aka ba hukumar yaƙi da annoba. Kai dai ka riƙe cewa ƙofa biyu ce take kawo kuɗi unguwarku, kuma yawancin rigimar da nake gani tsakanin jama'a da ma'aikata daga rashin bambance su take tasowa.

Ƙofar farko ita ce kuɗin gudanarwa. Yana fitowa daga asusu na musamman a Babban Bankin Najeriya, ya biyo ta hukumar kula da ƙananan asibitoci ta Jihar Kano, ya faɗa kai tsaye cikin asusun banki na asibitin kansa, duk wata uku. Ba ya bi ta ofishin ciyaman, ba ya bi ta hannun kansila. Wannan shi ne sabon abu a cikinsa, kuma a ganina shi ne abin da ya fi komai daraja a tsarin. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A da sai an rubuta takarda zuwa sakatariya a kan famfon da ya lalace, a yi ta jira har damina ta zagayo. Yanzu incaji da mutanen unguwa za su zauna su ce famfo za mu gyara, su gyara.

Nawa ne? A tsarin da aka daɗe ana bi, naira 300,750 ne duk wata uku ga kowane asibiti. Ka raba uku, dubu ɗari da 'yan kai ke nan a wata, wajen naira 3,300 a rana. Da shi za a sayi ruwa a wajen 'yan garuwa, a zuba wa janareto mai, a sallami mai shara da mai gadi, a fita unguwanni rigakafi, a cike giɓin magani. Lokacin da aka yanke wannan adadi litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, darajar naira ta faɗi, magani kuwa mafi yawansa ko dai daga waje yake zuwa ko kayan haɗa shi daga waje suke. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A sabon tsarin da ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya zo da shi an ɗaga adadin zuwa tsakanin naira dubu 600 da dubu 800 duk wata uku, gwargwadon yawan masu zuwa asibitin. An yi ƙoƙari, amma wanda yake zuwa kasuwa ya san ninki biyun nan tsadar kaya ta riga ta cinye mafi yawansa.

Saboda haka idan wani ya ce muku da wannan kuɗin za a gina muku ɗakin haihuwa ko a ɗauki likita, bai san abin ba. Ba kuɗin gini ba ne, ba kuma kuɗin albashi ba ne.

Ƙofa ta biyu ita ce inshorar marasa galihu. A Kano tana biyowa ta Hukumar Taimakekeniyar Lafiya ta jiha, wadda ake kira KSCHMA. Ita ce take yi wa mutane rajista: masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara biyar, tsofaffi, masu buƙata ta musamman, da talakawan da ba su da yadda za su yi. Wanda aka yi wa rajista ana haɗa shi da asibiti guda, ana kuma biyan asibitin wani abu a kan kowane kai duk wata, ko mutumin ya zo ko bai zo ba. A tsarin farko naira 12,000 aka ƙiyasta wa mutum ɗaya a shekara, daga ciki asibitin matakin farko yana karɓar 570 a wata, sauran kuma yana tafiya wajen biyan babban asibiti idan an tura mara lafiya can, da gudanar da tsarin. Mai kati ba zai biya kuɗin awo ba, ba zai biya na haihuwa ba, haka gwaji da maganin zazzaɓin cizon sauro, da ciwon yara na yau da kullum, da awon hawan jini da na sukari. Idan haihuwa ta zo da gardama aka tura mace babban asibiti da takardar turawa, har tiyata tana ciki.

Ka yi lissafi da kanka. In dai naira 12,000 ce a kan mutum ɗaya, biliyan guda mutum dubu 83 da ɗoriya kawai za ta ɗauka. Kano kuwa tun ƙidayar 2006 ta haura mutum miliyan tara. Don haka gurbin da ake ba kowace mazaɓa ɗan kaɗan ne, ba ya ko kusa da yawan mabuƙata. Nan ne ake samun abin da ya fi ɓata wa mata rai: maƙwabta biyu su je awo tare, a ba ɗaya magani kyauta, a ce ɗaya ta biya. Ta dawo gida tana cewa ma'aikata suna son kai. Sau da yawa ba son kai ba ne, ɗaya tana da kati ɗaya ba ta da shi. Inda son kai yake shiga, in zai shiga, shi ne ranar rubuta sunaye. Na ga inda aka ba wani mai faɗa a ji fom ɗin rajista ya cike da 'yan gidansu da yaran siyasarsa, gwauruwar da ke wankau a bayan layinsa ba ta ko ji labari ba. Ranar rajista ita ce ranar da ya kamata ƙungiya irin taku ta kasa ta tsare, da jerin sunayen da mai unguwa da limami suka tantance a bainar jama'a. Ku kuma taimaka wa tsofaffi da mata su samu lambar NIN tun kafin ranar, domin rashinta yana hana mutane da yawa shiga.

Yanzu ga maganar da ta fi shafar ku, mutanen bakin gari. Tsarin an gina shi a kan mazaɓa: asibiti guda a kowace mazaɓa, shi ake tantancewa, shi ake buɗe wa asusu. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. A takarda adalci ne, kowa ɗaya. A ƙasa kuwa ba haka ba ne. Ka dubi yadda gari ya fashe ta Ungogo da Kumbotso: Rijiyar Zaki, Bachirawa, Rimin Kebe, Sheka, Panshekara, wuraren da wasunsu da wayonmu gonaki ne. Mutane sun ninka sun sake ninkawa, iyakar mazaɓa tana nan inda aka shata ta tun tuni. Asibitin da yake ganin mata tamanin ranar awo da wanda yake ganin takwas, shekara da shekaru kuɗi ɗaya aka riƙa tura musu. Kuma a mazaɓa guda za ka tarar da asibitoci uku ko huɗu, ɗaya ne yake cikin tsarin, sauran ko sisi. Talakan birni yana da wata asara ta daban: idan aka ce "yankunan da ba su da gata" tunanin masu tsara abu ƙauye yake tafiya. Ana ganin ai mutumin Kano yana kusa da Asibitin Murtala da Asibitin Malam Aminu Kano da Hasiya Bayero. Kusa a taswira. Mace mai naƙuda da ƙarfe biyun dare, a lungun da adaidaita sahu ba ya shiga da damina, ba ta kusa da ko'ina. Sannan manyan asibitocin nan an yi su ne domin ciwon da ya fi ƙarfin ƙanana. Duk yaron da aka kai can saboda zazzaɓin da ya kamata a gama da shi a unguwa, ya tsare layin wanda ya fi shi buƙata.

Don haka tambayar farko da za ku yi ba "ina kuɗinmu?" ba ce. Ku tambaya: a mazaɓarmu wane asibiti ne yake cikin BHCPF? Incaji ya sani, shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya sani. Idan naku ne, magana ta yi sauƙi. Idan ba naku ba ne, kun huta da zargin ma'aikacin da bai taɓa ganin kuɗin ba, sai ku juya wajen neman a shigar da shi. Ƙofar a buɗe take, domin a Disamba 2023 gwamnatin tarayya da gwamnoni suka sa hannu a kan shirin ninka yawan asibitocin da ke cin gajiyar asusun, daga dubu takwas da ɗoriya zuwa 17,600. Jiha ce take miƙa sunaye. Abin da ake dubawa shi ne gini mai ɗakin haihuwa, ruwa, wuta, ma'aikata, da shaidar cewa mutane suna zuwa. Wannan na ƙarshe yana hannunku. Rajistar asibiti ita ce bakinsa a wajen hukuma. Asibitin da matan unguwa suka ƙaurace masa, littafinsa fayau, ba shi da hujjar da zai nemi komai da ita.

Mu ɗauka naku yana ciki. To a nan ne nake so ka buɗe kunne, domin makamin da yake hannunku mutane ƙalilan ne suka san da shi. Asusun asibitin mutum biyu ne suke sa masa hannu: incaji, da shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda ake ce wa WDC. Shugaban nan ba ma'aikacin gwamnati ba ne, ɗan unguwa ne irinka. In bai sa hannu ba, kwabo ba ya fita. Kafin a kashe kuɗin kuma dole a rubuta tsarin abin da za a yi a wata ukun, hukuma ta amince, bayan an kashe a kai rasit, sannan a saki na gaba. An yi haka ne da gangan domin idon jama'a ya kasance a kan kuɗin.

Amma me nake tararwa? Kwamitin da ba ya zama. Shugaban da aka naɗa saboda dattijo ne mai mutunci, wanda yake jin kunyar ya tambayi rasit, wai kada a ce bai yarda da mutum ba. Na taɓa zuwa duba wani asibiti na tarar shugaban kwamiti ya sa hannu a takardun cire kuɗi guda huɗu da ba a rubuta komai a kansu ba, ya bar wa incaji, don kada a riƙa taso shi daga kasuwa. Mutumin kirki ne ƙwarai, incajin ma ban same shi da cin ko naira ba. Amma da ya ci, wa zai sani? Na ce masa, Alhaji, amanar da aka ba ka ita ce ka duba, ba ka yarda ba. A wani wurin kuma akasin haka ne: shugaba ya ɗauka sa hannunsa haja ce, sai an ba shi nasa kason. Shi ma na gani. Kuma tsarin ya tanadi mata a cikin kwamitin, amma sau tari sunansu ne a takarda. Wannan babbar asara ce, domin su ne suke kwana a ɗakin haihuwa, su suka san banɗaki ba ƙofa, su suka san wace ma'aikaciya ce take yi wa mai naƙuda tsawa. Maza goma za su zauna su yanke a yi wa katanga fenti, mace ɗaya za ta gaya musu fitilar ɗakin haihuwa ta mutu tun watan azumi.

Maganar fenti ba wasa nake ba. Kuɗi kaɗan yana son zaɓi, kuma jarabar kowa ita ce abin da ido zai gani daga titi. Ni in an tambaye ni, wuta da ruwa a ɗakin haihuwa ne farko, ko da ƙaramin sola ne da tanki. Sai magungunan da rashinsu yake kashe mace cikin awa guda: allurar tsayar da zubar jini bayan haihuwa, wadda take buƙatar sanyi, da maganin jijjigar masu ciki. Sai kayan gwajin zazzaɓi da maganinsa, da ruwan gishiri da sukari haɗe da zinki na yara masu gudawa. Sai kuɗin fita rigakafi lungu-lungu. Wanda ya ga yadda mashaƙo ya yi wa yaran Kano a 2023 ba sai an yi masa bayanin wannan ba. Cuta ce da allurar yau da kullum take hanawa, kuma yawancin yaran da ta kama ba su samu allurar ba. Magani kuma a saye shi a hukumar samar da magunguna ta jiha, ba a kasuwa ba, saboda inganci da kuma rasit ɗin da zai tsaya a gaban mai bincike.

Ka ce ana rubuta wa mata magani su tafi kyamis. Dalilan suna da yawa. Ko kuɗin wata ukun ya makara, wanda yakan faru idan wasu asibitoci ba su kai rasit a kan lokaci ba ko takardu sun tsaya a sama. Ko maganin ya ƙare saboda masu zuwa sun fi ƙarfinsa. Ko kuma jarin maganin asibitin ya karye. Tun shirin Bamako na 1987 ake da tsarin jujjuya kuɗin magani: a sayar da sauƙi, a mayar da kuɗin a sake saro wani. Bashi yana karya shi, tsadar kaya tana karya shi, hannun ma'aikaci ma yana karya shi. Akwai kuma dalili na huɗu da ba zan ɓoye ba don ni ma'aikaci ne: wani yana da kyamis a tsallaken titi, ko yana da nasa maganin a jaka. Ba za ku gane wanne ne ba sai kun ga katin ajiyar magani, wanda yake nuna abin da ya shigo da abin da ya fita. Kwamiti yana da hurumin ganinsa.

Rufe ƙofa da magariba kuwa, ba a nan gizo yake saƙa ba. Wannan matsalar ma'aikata ce, kuma BHCPF ba zai warware ta ba. Kafin asibiti ya yi aiki dare da rana yana buƙatar ungozomomin da za su riƙa karɓar juna safe, yamma da dare, har da mai hutu, ga mai gadi, ga wuta. Da yawa daga asibitocinmu ungozoma ɗaya ce, ko babu, sai jami'an lafiyar al'umma da 'yan sa-kai, yaran da suka gama makarantar koyon aikin lafiya suke zuwa kullum ba albashi, da fatan wata rana a ɗauke su. Kashi 10 ɗin nan na ma'aikata ana ɗaukar ungozomomin kwantiragi da shi, yana taimakawa, amma bai isa ba. Gwamnatin tarayya ta gwada irin wannan a 2009 da shirin tura ungozomomi karkara, ya yi tasiri da farko, ya yi sanyi da jihohi da ƙananan hukumomi suka kasa riƙe nasu ɓangaren alawus. Albashi na dindindin aikin jiha da ƙaramar hukuma ne. Dokar ma ta ce su sa nasu kason, kashi 25 cikin 100, kafin su ci gajiyar asusun. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, tambayar wa zai ɗauki ungozoma ta ƙara zama tambayar da ya halatta ku yi wa ciyaman ido da ido. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 ne suke rasuwa a cikin kowace haihuwa dubu ɗari, ya kuma nuna mafi yawan matan Kano a gida suke haihuwa. Ana yawan ɗora wa al'ada da mazaje laifi, kuma suna da nasu. Amma macen da ta taɓa zuwa da dare ta tarar da kwaɗo a ƙofa, ba mai sake lallashinta, ita da ƙawayenta.

Akwai wasu hanyoyin kuɗi ban da wannan. Kano tana da nata asusun tallafa wa lafiya, KHETFUND, wanda dokarsa ta tanadi kashi 5 na harajin cikin gida da kashi 1 na kason ƙananan hukumomi. Gyara babba da gini sun fi dacewa da shi, ko da kasafin jiha, ko da ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa. Sai dai ku yi hattara da ɗan majalisar da zai gina muku sabon asibiti ba tare da ya zauna da hukuma ba. Ginin da ba ma'aikaci, ba ya cikin lissafin kowa, ƙarshensa ɗakin awaki. Gara ya gyara wanda yake aiki, ya sa masa sola da rijiyar burtsatse, ya gina wa ungozoma ɗakin kwana a ciki. Ƙungiyoyin waje ma sun yi mana rana, musamman a rigakafi, tun yarjejeniyar da Kano ta ƙulla da gidauniyar Dangote da ta Bill Gates a 2012. Amma da Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje a farkon 2025 kowa ya ga yadda abin aro yake. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su riƙa ba lafiya kashi 15 na kasafinsu. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa ba. Kano takan rubuta abin da ya kai haka a kasafinta, amma rubutawa daban, sakin kuɗi daban, kuma na biyun ne ya kamata masu bibiya su riƙa tambaya.

Abin da zan ba ka shawara, Malam sakatare, kada ku fara da rediyo. Na san a Kano da an ji haushi sai gidan rediyo, kuma yana da ranarsa. Amma ma'aikacin da aka kira sunan asibitinsa a iska kafin a zauna da shi, ya rufe muku littafinsa ke nan har abada. Ku fara da mai unguwa, ya kai ku wajen incaji a matsayin masu son taimakawa. Ku nemi sanin su waye 'yan kwamiti da ranar zamansu, ku halarta. In kwamitin ya mutu, ku rubuta wa shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma ta hannun dagaci ko hakimi ku nemi a farfaɗo da shi, ku kuma sa mata biyu ko uku masu baki, irin malaman Islamiyya da ungozomar gargajiya da matan unguwa suke jin maganarta. A zaman farko ku roƙi abu uku a kan tebur: takardar banki ta wata ukun da ya wuce, tsarin kashe kuɗin da aka amince da shi, da jerin masu katin inshora na asibitin. Ku nemi a liƙa adadin da ya shigo da abin da aka saya a allo a bakin ƙofa, da Hausa, har da ajami in da hali. Incajin kirki zai yi murna da haka, domin shi ma ya gaji da zargin cin biliyoyin da bai taɓa gani ba.

In kun ga abin da bai yi muku ba, ku rubuta, da kwanan wata da sa hannu, ku riƙe kwafi. Ƙorafin kuɗin gudanarwa da na ma'aikata hukumar kula da ƙananan asibitoci ta jiha ake kai wa. Na mai kati da aka karɓi kuɗinsa ko aka hana shi magani, KSCHMA. Ku haɗa da lambar katin da ranar da abin ya faru, domin da baki kawai ba a buɗe fayil. Game da ungozomar dare kuwa, ku ƙirga matan da suka haihu a unguwar cikin wata uku, da nawa ne a cikinsu naƙuda ta kama da dare, da inda suka haihu. Masu unguwa da limaman da suke raɗin suna za su ba ku wannan cikin mako guda. Da wannan takardar za ku shiga ofishin ciyaman.